Shawara ga ɗalibanmu masu sha'awar ilimin nukiliya: ku rubuta har abin da bai yi daɗi ba

Ƙannena ɗaliban kimiyya a Sakkwato sukan tambaye ni hanyar da mutum zai bi ya yi suna a fannin injiniyancin tukunyar nukiliya, wato na'urar da ake fasa ƙwayoyin zarra a cikinta don samar da makamashi, kuma mafi yawansu suna zaton amsar ita ce yawan maƙalu a mujallu. Ni ma haka na ɗauka a shekarun ƙuruciyata, kuma wannan fahimtar ce ta jawo mini asarar aikin da na fi wahala a kansa.

Ku dubi rayuwar Alvin Weinberg, masanin Amurka da aka haifa a 1915 ya rasu a 2006. Ya shugabanci cibiyar bincike ta Oak Ridge daga 1955 zuwa 1973, yana cikin waɗanda suka fara tsara tukunyar da ke aiki da ruwa mai matsi, wadda a yau ita ce ta fi yawa a tashoshin lantarki na nukiliya a duniya, kuma shi da Eugene Wigner suka wallafa littafi a 1958 wanda ya daɗe yana zama madogarar masu koyon lissafin niyutron, ƙananan ƙwayoyin da ke fasa yuraniyom a cikin tukunya. Duk da haka, aikin da ya fi ƙwallafa rai a kai shi ne tukunyar narkakken gishiri, wadda man yuraniyom ke narke a cikin gishiri mai zafi maimakon a zuba shi cikin sanduna. An gwada ta a Oak Ridge daga 1965 zuwa 1969, daga baya gwamnati ta janye kuɗi, shi kuma aka sauke shi daga muƙaminsa. Wanda ya kalli lamarin a lokacin zai ce aikin ya bi ruwa.

Abin da ya hana aikin mutuwa shi ne rahotannin da ma'aikatan suka bari. Sun rubuta komai dalla-dalla, har da matsalolin da wani zai so ya ɓoye, kamar yadda sinadarin teluriyom ya riƙa tsattsaga fuskar ƙarfen da aka ƙera tukunyar da shi. Bayan shekaru fiye da arba'in, masu bincike na ƙasar Sin suka karanci waɗannan takardu, suka gina ƙaramar tukunyar gwaji irinta a lardin Gansu. A ganina, tasirin malami a wannan fanni ke nan: wanda bai taɓa ganinsa ba ya ɗauki takardunsa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ni kuwa akasin haka na yi. A Najeriya muna da tukunyar bincike guda ɗaya, NIRR-1, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kusan kilowat 30, aka kuma sauya mata mai zuwa yuraniyom mara ƙarfi a 2018. Babban amfaninta shi ne gano sinadaran da ke cikin ƙasa, dutse ko abinci ta hanyar haska su da niyutron a auna hasken gama da suke fitarwa. Na tattara samfurin ƙasa daga fadamun Rima don irin wannan awo, amma saboda gaggawar neman ƙarin girma ban rubuta ainihin wurin da na ɗebo kowanne ba, kuma ban kula da rubuta tazarar lokaci tsakanin haskawa da aunawa ba. Wannan tazara ba ƙaramin abu ba ce, domin hasken da sinadaran da aka haska ke fitarwa yana raguwa da lokaci: alminiyom-28 yakan rasa rabin ƙarfinsa cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu, manganis-56 kuma cikin kusan awa biyu da rabi. Mafi muni, sakamakon da ya saba wa abin da nake tsammani sai na ajiye shi gefe, na ce kuskuren na'ura ne. Da wani malami ya nemi in nuna masa yadda na isa ga alƙaluman, ban iya ba, dole na janye maƙalar, kuma har yau ban san ko abin da na watsar shi ne sabon abin da ke cikin aikin ba.

Saboda haka ku sayi littafi mai ɗaurarren bango tun kuna aji biyu, ku rubuta kwanan wata, lokaci, nauyin samfur da yanayin na'ura da biro, kada ku yage shafi ko da kun ɓata shi. Ku riƙe lissafi da hannu biyu, musamman lissafin sauye-sauye da na ƙididdiga, domin manhajar kwamfuta takan ba da amsa ko da an ba ta shirme, kuma wanda bai iya gwada ta da takarda ba ba zai gane ba. Ma'aikatan ɗakin gwaji kuma ku girmama su kamar malamanku, don sau da yawa su ne suka san halin na'urar fiye da mai digirin digirgir. Idan kuka samu damar zuwa Zariya, kafin ku miƙa samfur ku nemi a nuna muku littafin da masu kula da tukunyar suke rubuta aikin kowace rana, ku zauna ku karanta shi.