Saƙon godiya bayan baje kolin samfurin jirgin MiG-21

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana ƙarshen wannan aiki lafiya. A ranar Asabar da ta gabata aka kammala ɗan baje kolin da muka shirya wa ɗaliban makarantarmu a nan Kaduna, inda aka nuna ƙaramin samfurin jirgin yaƙi na MiG-21MF da na harhaɗa. Jama'a da dama sun yaba, wasu har sun kira ni a waya, amma gaskiyar magana ita ce hannuwa masu yawa ne suka taru a kan wannan jirgi, kuma wajibi ne in bayyana su a bainar jama'a, ko da yake yawancinsu sun roƙe ni kada in ambaci sunayensu.

Ga wanda bai san irin wannan aiki ba, ana sayen samfurin ne a kwali, gunduwa-gunduwa na roba, sai mutum ya yanke su, ya goge, ya manne, ya yi fenti. Namu yana kan ma'aunin 1/48, ma'ana an rage kowane sashe na jirgin gaske sau 48. Faɗin fukafukan MiG-21 mita 7.15 ne, don haka a kan tebur bai wuce kimanin santimita 15 ba, tsawonsa kuma ya ɗan haura santimita 30 idan aka haɗa da sandar da ke kan hancinsa. Na zaɓi wannan jirgi na tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne saboda Rundunar Sojin Saman Najeriya, wadda aka kafa a 1964, ta karɓi irinsa a 1975, kuma ya yi aiki daga sansanin Makurɗi. Jiragen sun daɗe da daina tashi, yaran da muke koyarwa kuwa ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Kwalin ya zo da tamburan wasu ƙasashe dabam, babu na Najeriya a ciki, saboda haka duk abin da ya mayar da jirgin namu a Kaduna aka yi shi.

Godiyata ta farko tana ga ƙanina da ya sayo kwalin ya aiko mini daga Ingila. A hanya an danne shi da kaya masu nauyi, har murfin gilashin ɗakin matuƙi ya tsage gida biyu. Wanda ya san aikin ya san girman wannan asara, domin kowane sashe ana iya cike shi a rufe da fenti, ban da wannan, tun da dole ne ido ya ratsa shi. A nan ne Yaya, babbar 'yar kawuna, wadda ke aiki a ɗakin haɗa haƙoran roba, ta shigo cikin lamarin. Ta sa na manne tsagaggen murfin, na cika cikinsa da foti har ya yi tauri, na goge bayansa ya yi sumul, ya zama abin zubi. Ita kuma ta ɗora shi a kan na'urar da suke gasa fallen roba da ita. Ina tsaye ina kallo fallen ya yi laushi ya fara lotsawa a tsakiya, ta sauke shi a kan zubin, iska ta zuƙe shi ya kwanta luf a kan kowace kusurwa. Ta yi mini fiye da yadda nake buƙata, ta ce in ajiye saura domin almakashi ba ya da tabbas. Yaya, Allah ya saka miki da alheri, ya albarkaci zuri'arki.

Mutumin da na fi jin nauyinsa shi ne Baba, maƙwabcinmu, wanda ya yi aikin gyaran jiragen soja har ya yi ritaya. Na je wurinsa da niyyar tambaya ɗaya a kan launi, sai ya karɓi aikin kamar nasa. Shi ya tabbatar mini cewa cikin ɗakin matuƙin jiragen Sobiyet yana da wani launi tsakanin shuɗi da kore, kuma ya zauna tare da ni muna gauraya fenti har sai da ya ce, “Yauwa ɗana, tsaya haka.” Shi ya nuna mini cewa murfin ɗakin matuƙin MiG-21MF yana buɗewa ne zuwa gefen dama, saɓanin na farkon jiragen MiG-21 da ke ɗagawa ta gaba, don haka na manne shi a buɗe domin a ga kujerar da ke cilla matuƙi waje a lokacin haɗari. Ya yi wa ɗalibai bayanin tsinin da ke tsakiyar hancin jirgin, wanda ke daidaita iskar da ke shiga injin idan gudu ya wuce na sauti, kuma a cikinsa na'urar rada take. Bututun birki da ke jikin ƙafafun tayoyi ba su cikin kwali. Baba ya zana mini hanyarsu a takarda daga abin da ya riƙe a ka, ni kuma na yi su da silin wayar tagulla da na zare daga tsohuwar wayar lantarki. A wata hira ya tuna mini cewa ko jirgin koyo na Air Beetle, wanda aka harhaɗa a nan Kaduna, an ɗauko tsarinsa ne daga RV-6A na Amurka, jirgin da shi ma a gunduwa-gunduwa aka riƙa sayar da shi. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ina godiya ga mai gyaran agogo na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ya ara mini matsefata da madubin ido, waɗanda da su na saka ɗamarar kujera. Haka kuma ina godiya ga maƙerin Panteka da ya yi mini sandar hanci, wadda jirgin ke auna gudunsa da ita. Ta kwali roba ce mai kauri, kuma da an taɓa ta take karyewa. Shi kuwa ya ɗauki siririyar tagulla ya rage ta a hankali har ta yi tsini, ya kuma ba ni guntun dalma da na ɓoye a gaban jirgin domin kada ya zauna a kan wutsiyarsa. Da na tambaye shi kuɗin aiki sai ya yi dariya, ya ce bai taɓa yi wa jirgin sama aiki ba sai ranar, wannan ya ishe shi.

Tambarin sojin samanmu da'ira ce mai kore a waje, fari a tsakani, kore a tsakiya. Na'urar buga takardu ta gida ba ta fitar da farin launi, don haka buga tambarin a kan sitika mai ratsa ido ba zai yiwu ba. Wani matashi mai yanka sitikar motoci ya yanka mini ƙananan da'irori da injinsa, na fesa fari, na rufe, sannan na fesa kore. A ganina tambarin da aka fesa ya fi na mannawa kyau nesa ba kusa ba, domin yana bin layukan jikin jirgi kuma ba ya ɗagowa. Malam, na gode ƙwarai.

Fentin ya faɗo a tsakiyar hunturu, kuma duk wanda ke zaune a Kaduna ya san abin da hazo ke yi. Ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti, bushewar iska kuma tana sa feshi ya bushe kafin ya isa jikin roba, sai ya fito da kaushi. Uwargida ta bar mini ɗakin ajiyarta, ta riƙa yayyafa ruwa a ƙasa kafin in fara domin ƙura ta kwanta, ta kuma sadaukar da babbar robar abincinta muna kifa wa jirgin har ya bushe. Ta haƙura da warin tina da ƙarar kwamfuresa a duk daren da aka kawo wuta, ta tsare yara daga teburin ba tare da ta hana su kallo ba. Allah ya bar zumunci, ya saka miki da mafificin alheri.

Ga shugaban makaranta da ya ba mu ɗakin taro, da malamai abokan aikina da suka tsara zama, da iyayen da suka zo da 'ya'yansu duk da sanyin safiya, ina miƙa godiyata. Ɗalibai kuma sun faranta mini rai da tambayoyinsu, musamman yarinyar da ta auna fiffike da rula, ta ninka sau 48, ta zo ta gaya mini faɗin jirgin gaske ba tare da an sa ta ba. Wasu daga cikinsu sun tambayi yadda ake shiga Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama da ke Mando, kuma Baba ya yi alkawarin dawowa ya yi musu bayani.

Jirgin zai ci gaba da zama a akwatin gilashi a ɗakin karatu na makaranta, kuma duk mai son gani zai iya zuwa a lokacin aiki. Wanda ya taimaka amma ban ambace shi ba, ina roƙonsa ya yafe mini. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya zaunar da Kaduna da ƙasarmu lafiya, amin.