Bishiyar da ke kan dutsen kabari

Duk wanda ya shiga tsohuwar maƙabarta a jihar Massachusetts ta Amurka, ya bi duwatsun kaburbura bisa shekarunsu, zai ga wani abu da ba sai an nuna masa ba. Na farkon ƙarni na 18, ƙoƙon kan mutum ne a samansu, da fukafukai, haƙora a waje. Daga tsakiyar ƙarnin ƙoƙon ya yi nama, ya koma fuskar yaro mai kumatu. Wajen shekarar 1800 kuwa fuskar ta ɓace ɗungurungum, sai wata bishiya mai rassa a sunkuye, ta yi wa tulu rumfa. Wasu masana biyu, James Deetz da Edwin Dethlefsen, sun zagaya waɗannan maƙabartu a shekarun 1960 suna ƙirga zanen da ya fi yawa a kowane zamani, suka nuna yadda kowanne ya ɓullo, ya yi tashe, ya dushe.

Ni bishiyar ce ta fi ɗaukar mini hankali, kuma na daɗe ina jin haushin amsar da ake bayarwa idan aka tambayi ma'anarta. Sai a ce maka wannan baƙin ciki ne, waccan yankewar rayuwa ce, shi ke nan. Ba ƙarya aka yi ba, amma an taƙaita magana har ta rasa gishiri. Abin da ya kai bishiya kan dutse ya haɗa da addini, da yayi, da kuɗi, wani lokaci ma har da takardar inshora.

Mu fara da mai sunkuyen rassan, wato itacen wilo. Asalinsa daga ƙasar Sin yake, 'yan kasuwa suka yi ta ɗauke shi zuwa yamma, ya isa Ingila ta hanyar birnin Halab na Siriya wajen 1730. Turawa sun ɗauka shi ne itacen da Zabura ta 137 ta ambata, inda Bani Isra'ila suka zauna suna kuka a bakin kogunan Babila, suka rataye garayunsu a rassan itatuwa. Masana tsirrai na yanzu sun fi karkata ga cewa wani itace ne daban ake nufi, amma ina, zancen ya riga ya zauna: itace ne na makoki. Siffarsa ma ta taimaka, don rassan suna zubowa ƙasa ne kamar mai juyayi ya sunkuyar da kai. Akwai kuma wani hali nasa da ya dace da imanin Kirista game da tashin matattu. In ka karyi reshensa ka soka a ƙasa mai damshi, zai yi saiwa ya tsiro.

Sai dai duk wannan bai bayyana dalilin da ya sa ya mamaye maƙabartu a ɗan lokaci ba. Yayi ne ya yi wannan aikin. A ƙarshen ƙarni na 18 Turawa sun kamu da sha'awar duk wani abu na tsoffin Girkawa da Rumawa, daga ginshiƙin gini har ɗinkin riga. Tulun da ke ƙarƙashin bishiyar irin wanda Rumawa ke zuba tokar gawa ne, alhali mutanen Massachusetts na lokacin ba ƙona gawa suke yi ba, binnewa suke yi. Bayan rasuwar George Washington, shugaban Amurka na farko, a 1799, hoton tulu da wilo ya cika gidaje, 'yan mata suna surfa shi da zare a makarantu. Da Napoleon, tsohon sarkin Faransa, ya mutu a tsibirin Saint Helena a 1821 aka binne shi a gindin irin wannan itace, masu ziyara suka riƙa karyar reshe suna tafiya da shi gida su dasa. Rubutun dutsen ma ya sauya. Da can "ga gawar wane kwance a nan" ake rubutawa, yanzu ya koma "domin tunawa da wane". Ƙoƙon kai gargaɗi yake yi wa mai wucewa cewa shi ma yana tafe. Wilo kuwa na waɗanda aka bari ne, kukansu yake nunawa.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta biyu, inda dutsen kabarin ne gaba ɗaya aka mayar kututture. Na taɓa tsayawa kusa da ɗaya da ya kawo mini ƙirji. Daga nesa na rantse itace ne da ya bushe. Da na matso na ga an bi ɓawon tsaga-tsaga da kurfi, a saman inda aka "sare" har da zobban shekaru. An sassaƙa igiya rataye a guntun reshe, tana riƙe da takarda a naɗe, sunan mamacin a jikinta. Wani tsiro mai yaɗo ya nannaɗe gindin, shi ma dutse ne. Yawancin irin waɗannan daga kusan 1880 zuwa 1920 aka yi su, kuma da dama da farin dutsen jihar Indiana, wanda yake da laushin sassaƙa.

In ka ga gatari da guduma da ƙarfen tsaga itace a jikin kututturen, ko kurciya riƙe da ɗan reshe, kada ka yi saurin cewa mai saran itace ne ya mutu. Galibi ɗan ƙungiyar Woodmen of the World ne, wadda Joseph Cullen Root ya kafa a birnin Omaha na jihar Nebraska a 1890. Ƙungiyar taimakon juna ce mai sayar da inshorar rai, kuma alkawarinta a lokacin shi ne ba ɗanta da zai kwanta a kabarin da ba alama. Da farko kyauta take bayar da dutsen, daga baya aka koma ƙara sharaɗin dala 100 a takardar inshorar domin kuɗinsa, a shekarun 1920 kuma tsada ta sa aka daina. Takensu na Latin, "Dum Tacet Clamat", yana jikin da yawa daga ciki, ma'ana ko da ya yi shiru yana magana. To ka ga kututturen nan, ban da gajartar rayuwa, shaida ce cewa mutumin ya biya kuɗin ƙungiya bai bar iyalinsa hannu wofi ba. Ba kuma duk kututture ne nasu ba, salon ya girme wa ƙungiyar, ita dai ta yaɗa shi.

A maƙabartun Yahudawa na Poland da maƙwabtanta bishiyar a karye take, kanta ya faɗo gefe, kuma an fi ganin ta a kabarin wanda ya mutu da sauran ƙuruciya. A Scotland, musamman yankin Perthshire, akwai duwatsun ƙarni na 18 masu Adamu da Hauwa'u a tsaye, bishiya a tsakaninsu, maciji a naɗe da ita, tunatarwa a kan inda mutuwa ta samo asali a wurinsu.

Itacen saifires kuma, wani dogon itace siriri, fuska biyu gare shi. Rumawa sun haɗa shi da mutuwa saboda in aka sare shi ba ya sake toho, har sukan ajiye reshensa a ƙofar gidan da aka yi rasuwa. Amma je ka maƙabartar Karacaahmet da ke Üsküdar a Istanbul. Duwatsun zamanin Daular Usmaniyya ne, na wajen kai da rawani in namiji ne, da furanni in mace ce, na wajen ƙafa kuma sau da yawa saifires ne a sassaƙe, siriri, miƙe sambal. A can ana kallon cewa ganyensa ba ya bushewa rani da damina, kuma tsayuwarsa irin ta harafin alif ce, farkon sunan Allah. Itace ɗaya ne, wasu suka ga ƙarewa, wasu suka ga ɗorewa.

Abin da na fi yin taka-tsantsan da shi shi ne ƙirgen rassa. Masu zagayawa da baƙi suna son cewa kowane reshen da aka datse a jikin kututture ɗa ne da ya rasu. Akwai inda haka ne ba shakka, don za ka ga sunan kowane yaro da shekararsa a rubuce a bakin reshen da aka yanke, kuma gajeren kututture sau da yawa na ƙaramin yaro ne. Inda babu suna kuwa, ina barin lissafin. Masassaƙi yana da samfurin da yake bi, yana da girman dutsen da aka kawo masa da kuɗin da aka biya, kuma kututture mai rassa huɗu ya fi mai ɗaya kyan gani. Kafin in ɗora wa iyali mutuwar 'ya'ya huɗu, nakan duba shekarar da ke jikin dutsen, sannan in leƙa kaburburan da ke kusa, ko hannu ɗaya ne ya yi su duka da rassa huɗu-huɗu.