Layin Ƙofar Lempuyang: Abin da Na Gani a Bayan Hoton Bali

Duk wanda ya taɓa duba hotunan tsibirin Bali na ƙasar Indunisiya a Instagram ko TikTok ya ci karo da wata doguwar ƙofa da aka raba gida biyu, mutum tsaye a tsakiyarta, Dutsen Agung a bayansa, a ƙasa kuma ruwa kwance fayau yana nuna surar komai. Ƙofar tana nan, dutsen ma yana nan, amma ruwan babu shi. Madubi ne ɗan ƙarami da mai ɗaukar hoto yake karawa a ƙarƙashin kyamarar waya. Tun a shekarar 2019 wannan labari ya bazu a duniya, kuma na san shi kafin in tafi, haka ma kusan duk wanda na yi hira da shi a layi. Abin da ya ɗaure mini kai ke nan, domin tonuwar asirin ba ta rage mutum ko ɗaya ba, sai ma ƙaruwa da jama'a suka yi.

Na je Bali a 2024 daga Kuala Lumpur, inda nake karatu, tafiyar kusan sa'o'i uku a jirgi. Kafin in tashi na biya rupiya 150,000 ta intanet, harajin da gwamnatin lardin ta fara karɓa daga baƙi 'yan ƙasashen waje a ranar 14 ga Fabrairun shekarar, da sunan kula da al'adu da muhalli. Direban da na yi jinga da shi a garin Ubud, dattijo ne mai yawan fara'a, ya miƙo mini wata takarda da aka lulluɓe da leda, ɗauke da jerin rangadin da yake kai mutane. Wanda ya fi kasuwa sunan Instagram ne a kansa ƙarara, kuma babu bayanin tarihin ko wuri ɗaya a ciki, hotuna ne kawai a jere: ƙofar Lempuyang, lambun ruwa na Tirta Gangga, wani ruwa mai gangarowa cikin kogo, sai lilo a saman gonakin shinkafa. Mutum yana nuna hoton da yake so da yatsa, direba ya faɗi kuɗi. Muka tashi da sauran dare, domin hantsi na yi gajimare yakan rufe Agung, na yi sallar asuba a wani ƙaramin masallaci a kan hanyar Karangasem, yankin gabashin tsibirin inda ƙofar take.

Duk sammakon da muka yi an riga mu. Ana ajiye mota a ƙasa, a shiga wata motar haya ta mutanen yankin zuwa saman tudu, a sayi tikiti, a ɗaura wa kowa zani a ƙugu, namiji da mace, sannan a ba shi lamba. Daga nan sai zama. Akwai rumfuna a gefen fili inda ɗaruruwan mutane suke jira, wasu suna gyangyaɗi, wasu suna gyara kwalliya, da yawa kuma sun duƙufa a kan wayoyinsu suna kallon hotunan waɗanda suka riga su tsayawa a wurin, suna zaɓar irin tsayuwar da za su yi. Wani matashi yana kiran lamba da lasifika. Mai ɗaukar hoton yana zaune a ƙasa-ƙasa ƙarƙashin lema, tsakiyar fili, da madubinsa a hannu da akwatin tukwici a gefe. Idan lambarka ta zo, ka miƙa masa wayarka, ka tsaya a tsakiyar ƙofa, yana ƙwala maka kira ka sauya tsayuwa, ka ɗaga hannu, ka juya baya, ka yi tsalle, kafin ka gama shan iska an kira na gaba. Na jira fiye da yadda na zauna a jirgi daga Malesiya, tsayuwar kuwa ba ta kai tsawon alwala ba. Hoton ya yi kyau ƙwarai, ba zan ɓoye ba, kuma mutumin gwani ne a sana'arsa.

Wannan dogon jira shi ya ba ni damar juyawa in kalli ɓangaren da kyamarori suka ba baya. Ashe ƙofar mashiga ce kawai ta haikalin da ake kira Penataran Agung, na ƙasa a cikin jerin wuraren bauta bakwai da suka hau Dutsen Lempuyang, wanda na ƙololuwarsa sai an taka matakala kusan 1,700, kuma mabiya addinin Hindu na Bali suna lissafa shi cikin wurare shida mafiya tsarki a tsibirin. A bayan mai hoton akwai matakalai uku masu sassaƙen macizai da suke hawa zuwa harabar ciki. Ina zaune sai ga wani iyali sanye da fararen kaya, uwar ta ɗoro kwandon furanni da 'ya'yan itace a ka, suka ratsa ta gefen taron ba tare da sun kalli kowa ba, suka haye sama. Ban ga wanda ya matsa musu ba, ban kuma ga wanda ya lura da su ba. Addinina ba nasu ba ne, amma abin ya taɓa ni, domin duk wanda ya yi Umara a 'yan shekarun nan ya san yadda ake ji idan kana ɗawafi wani ya tsaya cak a gabanka ya ɗaga waya yana yi wa 'yan gida bidiyo kai tsaye. Mai ibada ya koma shi ne mai neman hanya a wurin ibadarsa.

A nan na fahimci cewa matsalar da kafofin sada zumunta suka kawo ba ta yawan mutane kaɗai ba ce, ta tattaruwarsu ce a taki ɗaya. Manhajojin nan suna ƙara tura hoton da ya fi samun tsayawar ido, hoton yana ɗauke da alamar wurin da aka ɗauke shi, wanda ya gani ya je ya ɗauki irinsa sak, nasa ma ya shiga cikin abin da ake turawa. Kafin a ankara direbobi sun shirya rangadi a kansa, masu haya sun tanadi dogayen riguna ja da rawaya masu jan ƙasa, an kafa wani sabon lilo. Har akwai wata ƙofa a yankin Bedugul da ake biyan kuɗi ana bin layi a gabanta, alhali mashigar filin wasan golf ce, ba ta da wata alaƙa da bauta, siffarta ce kawai ta dace da allon waya. Baƙi sama da miliyan 6 ne suka shiga Bali daga ƙasashen waje a 2024, a tsibirin da mazaunansa ba su kai miliyan huɗu da rabi ba, kuma mafi yawansu a kudu da kewayen Ubud suke cunkusuwa, yayin da arewa da yamma suke zaune shiru. A ƙarshen Disambar 2023 cunkoson motoci ya kai matsayin da matafiya suka sauka suna jan akwatunansu a ƙafa zuwa filin jirgi.

A hanyar dawowa na faɗa wa direban abin da ke raina, ina tsammanin zai goyi bayana. Da yake Malayanci da Indunisiyanci 'yan uwan juna ne, muna fahimtar juna ba laifi. Na ce, "Pak, ba ya damun ku yadda aka mayar da haikalin nan wurin hoto?" Ya yi ɗan shiru yana tuƙi, sannan ya ce, "Mas, da ka zo lokacin korona da ba ka yi wannan tambayar da sauƙi haka ba." Ya ba ni labarin yadda ya ajiye motar ya koma ƙauye noma, ya kuma nuna mini cewa Karangasem yanki ne mai ƙarancin arziki idan aka kwatanta da kudu, kuma mai lasifika da mai zani da mai motar hawa tudu duk 'ya'yan ƙauyukan wurin ne. Gaskiyarsa ce. Tattalin arzikin Bali ya ragu da sama da kashi 9 cikin ɗari a 2020, a 2021 kuwa baƙin da suka sauka kai tsaye daga waje ba su kai ɗari ba a shekarar baki ɗaya. Abin da ya ce yana ɓata musu rai shi ne rashin kunya, irin na baƙin da aka kora daga ƙasar saboda sun tuɓe tufafi sun ɗauki hoto a jikin wata bishiya mai tsarki ko a kan Dutsen Agung, wanda ya sa gwamnan Bali Wayan Koster ya fitar da takardar ka'idoji ga baƙi a 2023. Layi da lamba, a ganinsa, hanya ce da mutanen wurin suka tsare taron a fili ɗaya don kada ya malala cikin harabar bauta. Ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba.

Inda na ga hasarar da hoto ba ya nunawa shi ne gonakin shinkafa. Manoman Bali suna da tsohon tsarin raba ruwa da ake kira subak, inda manoman da suke sha daga magudana ɗaya suke haɗuwa su tsara lokacin shuka da rabon ruwa, tsarin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012. Koriyar gonar nan mai hawa-hawa ita ce ake sayarwa a kowane bidiyo, amma wanda ya gina masauki a gefenta shi ke karɓar kuɗin kallo, manomin da yake tsaye cikin taɓo kuwa sai dai ya kafa ɗan akwatin neman gudummawa a bakin kunya. A yankin Canggu da ke kudancin tsibirin na ga gidajen haya masu wurin ninƙaya sun tsaya a inda direban ya ce gonaki ne shekarun baya kaɗan, kowanne da rijiyar burtsatsensa. Idan gona ɗaya ta zama gini, magudanar da ta bi ta cikinta takan yanke, na ƙasa da ita ya rasa ruwa, shi ma ya fara tunanin sayarwa.

Sauran kwanakina na yi su a wani ƙauye a gabas, a ɗakin da wata mata take hayarwa a cikin gidanta. Na zo da ra'ayin da na sha karantawa, wato matafiyi mai hankali ba ya sa alamar wuri a hotonsa, don kada ya jawo taro. Ranar da zan tafi sai ta roƙe ni da in rubuta sunan masaukinta a shafina. Na ce, "Ibu, ba ki tsoron a cika muku ƙauye?" Ta yi dariya ta ce ɗaki biyu gare ta, kuma yawanci ɗaya a rufe yake kwana. Amma ta kafa mini sharaɗi: maɓuɓɓugar da ɗanta ya kai ni, inda suke ɗiban ruwan bukukuwan addininsu, kada in nuna ta ko in faɗi inda take. Abin da na ɗauka ka'ida ɗaya ce ashe biyu ne, kuma ba ni ke da hurumin rarrabewa ba. Tun daga lokacin, kafin in wallafa hoton wuri ƙarami nakan tambayi masu wurin, kuma sau da yawa amsar a shirye take a bakinsu, domin sun daɗe da sanin abin da suke so a gani da abin da suke so a bar musu.

Wasu abubuwan sun sauya a tafiye-tafiyena ba tare da wani ƙoƙari ba. Na daina shirya tafiya daga hotunan da na adana a waya, nakan fara da karanta abin da wurin yake a wajen mazaunansa, sannan in duba ko akwai ranar ibada ko biki da bai kamata baƙo ya kutsa ba. Na fi son in zauna wuri ɗaya in ci abinci a ƙananan shagunan unguwa, maimakon in ratsa wurare biyar a yini guda a bayan gilashin mota, domin irin wannan rangadi hanya yake cikawa, kuɗinsa kuma ba ya sauka a ƙauyukan da aka ratsa. Ba na ɗaukar fuskar mai ibada ko yaro sai da izini. Idan kuma na wallafa hoton sanannen wuri, nakan haɗa da na layin da tsawon jiran, ko da yake ban ga alamar hakan ya hana kowa zuwa ba. Abokaina biyu da suka ga rumfunan jiran tambayar da suka yi mini ita ce ƙarfe nawa ya kamata su tashi.

Wannan ne ya sa ba na yarda da masu ɗora wa matafiyi nauyin gyaran gaba ɗaya. Ladabin baƙo yana rage ɓacin ran mai gida, amma ba ya faɗaɗa hanya, ba ya mayar da ruwa rijiya. Inda aka ga sauyi na zahiri, hukuma ce ta ƙayyade adadi. Tailan ta rufe gaɓar tekun Maya, sanannen wurin yawon buɗe ido, a watan Yunin 2018, ba ta buɗe ba sai Janairun 2022, kuma da ta buɗe ta hana jiragen ruwa shiga ta gaba, ta hana ninƙaya, tana kuma sake rufewa wata biyu a kowace shekara, har ƙananan kifayen shak suka dawo. Japan ta sa iyakar mutum 4,000 a rana a babbar hanyar hawa Dutsen Fuji daga Yulin 2024. Harajin Bali kuwa kuɗin shiga ne kawai, bai hana ko mutum ɗaya sauka ba, kuma rupiya 150,000 kusan dala goma ce, abin da ba zai sa wanda ya sayi tikitin jirgi daga Turai ko Ostireliya ya sake shawara ba. Muddin ana ci gaba da ba da izinin gini a kan gonakin kudu, taron zai ci gaba da bin hoton da ya fi tashe a wannan watan.