Tafiyar kaɗaici daga Kano zuwa Daura bayan shekara 40

Wanda ya kai 40 yana da addu'arsa a Suratul Ahƙaf, aya ta 15, inda bawa ke roƙon Allah ya kimsa masa godiyar ni'imar da ya yi masa, shi da iyayensa. Doguwar hanya, kai kaɗai a mota, wuri ne mai kyau na maimaita ta.

Amma fara da motar. Duba baƙin mai da ruwan lagireto tun inji na sanyi, domin buɗe murfin da zafi kan watsa wa mutum tafasasshen ruwa. Auna iskar taya har da safaya, ita ce aka fi mantawa. Ka fita bayan Asuba.

Da ka zauna, karanta addu'ar hawa abin hawa, aya ta 13 da ta 14 a Zukhruf. Kabbara a hawa, tasbihi a gangara, haka sahabbai ke yi. Kashe rediyo daga Kazaure zuwa Daura, ka riƙa ambaton ni'imomi ɗaya bayan ɗaya da sunansu: lafiyar ido, bashin da ka biya, 'yar da ka aurar. "Alhamdulillahi" a dunƙule ba ta ratsa zuciya kamar wannan.

Tafiyar ta haura kilomita 80, don haka ƙasaru ta halatta: Azahar, La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu, sai in ka yi niyyar zaman kwana huɗu. Zikiri a hankali kan jawo gyangyaɗi, musamman bayan abincin rana. Da ka ji ido na nauyi, faka cikin gari, ka sake alwala.