Bayan tamfol da shinkafa, wa zai duba gindin katanga?

Damina ta 2024 ta bar wa Nijar tabo: kusan mutum 400 suka rasu, sama da miliyan ɗaya da rabi ambaliya ta shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda azuzuwa sun zama mafakar jama'a. Mu a Damagaram, ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe mutane suna kallo.

Taimakon ƙungiyoyin waje irin su PAM (hukumar abinci ta duniya) da UNICEF (asusun kula da yara) da OIM (hukumar kula da ƙaura) ya fi ƙarfi a makonnin farko: abinci, tabarmi, gidan sauro, tamfol, maganin tsarkake ruwa. Allah Ya saka musu, wannan yana ceton rai. Amma kuɗin gaggawa yakan ƙare kafin a zo kan gini, sai magidanci ya kwaɓa ƙasar da ta zube ya mayar da ɗaki yadda yake, a inda yake. Baɗi kuma ruwa ya dawo ya same shi.

Ginin ƙasa daga ƙasa yake mutuwa. Ruwa ya kwanta a gindin katanga kwana biyu, tubali ya sha ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi. Don haka in kuɗi kaɗan ne, a zuba su a harsashi. A haƙa kamar santimita 50 zuwa 60 har a tarar da ƙasa mai tauri, a jera dutse da siminti, a ɗaga shi santimita 30 zuwa 40 sama da daɓen tsakar gida, ko sama da inda ruwan bara ya bar zane a bango. Dutse dai ba ya yi mana wuya a garin nan. A shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin a ɗora tubalin farko, don kada danshi ya hau.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne yaɓen siminti a kan bangon ƙasa. Ana ganin gata ne aka yi wa ɗaki. Siminti ba ya kama laka; yana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe a ɓoye. Ƙwanƙwasa shi da yatsa, in ka ji yana ƙara kamar ƙwarya, ya riga ya rabu. Yaɓen laka da makuba (ruwan ɓawon ɗorawa), wanda ake sabuntawa kafin damina, ya fi masa amfani, kuma tsofaffin magina sun san awonsa.

A soro, a duba bakin azara inda gara ke ci, a tsawaita indararo ya zuba ruwa nesa da bango, a sa dutse a inda yake sauka. Masai kuma a ɗaga bakinsa, a nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30.

Masu ba da taimako, in za ku raba siminti da kwano, ku biya magini na unguwa ya tsaya kan aikin, in ba haka ba rabin kayan za su tafi kasuwa don a sayi hatsi. Wanda gidansa ke bakin tabki ko kan hanyar ruwa kuwa, harsashi ba zai cece shi ba. Fili yake buƙata daga magajin gari, da takarda, da famfo kusa.