Tarihin Rayuwata, Kashi na 3: Kakana, daga Burmi zuwa bakin Nilu

Makon jiya mun tsaya a makarantar allon unguwarmu a Mai Wurno, garinmu a ƙasar Sudan. Yau sai kun yi haƙuri mu koma baya, don labarina ba zai tafi daidai ba sai kun san mutumin da ya sa aka yanke mini cibiya a Sudan maimakon ƙasar Sakkwato, wato kakana na wajen uba.

Talaka ne, ɗan manoma. Ranar 15 ga Maris 1903 da Turawa suka ci Sakkwato, ko gemu bai tsiro masa ba. Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki tuta ya nufi gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta barin gida da gona suna mara masa baya. Kaka ya rataya kwari da baka ya bi wansa, ba wanda ya nemi shawararsa.

A Burmi aka tare su, wani gari mai ganuwa a ƙasar Gombe kusa da kogin Gongola. Cikin watan Mayu Turawa suka kawo hari aka kora su. Ranar 27 ga Yuli suka dawo da shiri, aka wuni ana gwabzawa. Nan Sarkin Musulmi ya yi shahada, shi da Magajin Keffi Ɗan Yamusa da ɗaruruwan mutane, su ma Turawa suka rasa Manjo Marsh. Wan kakana na cikin waɗanda suka kwanta. Shi kuwa harsashi ya ratsa masa cinyar hagu, ya bar rami wanda babban yatsana ke shigewa ciki ina yaro. In ya miƙe ƙafa a tabarma yana shafa man shanu, nakan tsokane shi irin wasan jika da kaka: "Kaka, ashe gudu kuka yi?" Sai ya ɗaga sanda ya ce, "Kai, ɗan nema! Hijira munka yi. Wanda bai ji kukan bindiga mai ruwa ba shi ka wanga zance." Iyakar abin da yake faɗa game da yaƙin ke nan. In baƙi suka matsa masa, sai ya juya hira zuwa farashin dawa.

Abin da yake son bayarwa shi ne labarin abin da ya biyo baya, ni ma a ganina nan jarumtakarsa take. Waɗanda suka tsira suka bi ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan a ƙafa. Inda damina ta riske su sai su tsaya su yi ƙodago ko su ari gona, su sami guzuri, su sake ɗaura kaya. Wajen 1906 suka iso bakin Bahar Azrak, wato kogin Shuɗin Nilu, kusa da garin Sinnar, suka tarar Nasaran da suka baro a baya su ne ke mulki a nan ma, don tun 1899 Ingila da Masar ke riƙe da Sudan. Kaka ya ce ranar da ya gane haka ko tuwo bai ci ba.

Wurin da aka ba su, wanda ya zama garin Mai Wurno, daji ne na ƙaya. Da gatari suka yi sassabe, suka kafa bukkoki, dare ya yi kuraye su kewaye awaki, mace ta je ɗiban ruwa sai da mai gadin kada. Zazzaɓin damina ya ɗauke masa matarsa ta fari da 'ya'ya biyu. Duk da haka ya shuka dawa a tudu, albasa da kuɓewa a gaɓar kogi in ruwa ya ja. Da aka zo gina madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925, da shi aka ɗauki dutse, daga baya ya yi tsinkar auduga a gonakin Jazira. Da wannan kuɗin ya bi ta Sawakin, tashar jiragen ruwa a bakin Bahar Maliya, ya sauke farali, bayan shekaru fiye da ashirin da barin gida da niyyar Makka.

Ana yawan yabon shahidan Burmi, kuma sun cancanta. Amma yana yi mini ciwo yadda ba a tuna irin su Kaka, waɗanda suka mayar da daji gari, aka kuma ci gaba da kallon jikokinsu a matsayin baƙi. Da Najeriya ta sami 'yanci a 1960 wasu suka yi masa maganar komawa, ya ce kabarin 'ya'yansa na nan, gonarsa na nan, wa zai tarar a can?

Bai taɓa sabawa da kisra, siririyar gurasar dawa ta mutanen Sudan, ba, tuwon dawa da miyar kuka yake ci har ƙarshe. Ya rasu a shekarar farin 1984, yana dab da shekara ɗari. Rabon gonarsa ne ya raba kan gidanmu, ya kuma tura ni Gadarif neman aiki. Nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.