Bayanan da ke cikin hoto, da abubuwan da na gyara bayan sauya burauza

Makonni uku ke nan da na koma amfani da Firefox a kwamfutata, bayan shekaru masu yawa da na yi a kan wata burauzar. Ƙaurar ba ta ba ni wahala ba, domin cikin 'yan mintoci kalmomin sirrina da jerin shafukan da na adana duk suka biyo ni, har na ɗauka babu abin da na baro a baya. Sai a dare na huɗu na ci karo da hoton wani ruwa da ke zubowa daga kan dutse, ya fito fari sumul kamar an shimfiɗa auduga, na kuma so in san daƙiƙa nawa mai ɗaukar ya bar ƙofar kyamararsa a buɗe. Na danna ɓangaren dama na linzami kamar yadda hannuna ya saba, amma layin nuna bayanan hoto da nake nema babu shi. A nan ne na tuna cewa tsohuwar burauzar ma ba ita ke nuna mini bayanan ba, wata 'yar manhajar ƙari ce da na liƙa mata tun da daɗewa, har na manta da ita.

Waɗannan bayanai su ne ake kira Exif. Ƙungiyar masana'antun lantarki ta Japan ce ta fitar da tsarin a 1995, kuma a yau kusan kowace kyamara da kowace waya suna rubuta su a cikin fayil ɗin hoto a daidai lokacin ɗauka: sunan na'urar, irin gilashin da aka ɗaura mata, faɗin ƙofar haske, tsawon lokacin da ta yi a buɗe, lambar ISO (ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske), rana da sa'a, sannan wurin da aka tsaya idan GPS na kunne. Ga mai koyon ɗaukar hoto, wannan makaranta ce da ba a biyan kuɗinta. Ni dai mafi yawan abin da na sani game da ɗaukar hoton dare, daga duba lambobin waɗanda suka fi ni na samo shi, shi ya sa rashin wannan layi guda ya dame ni fiye da yadda wani zai zata.

Na fara da abin da burauzar ke da shi da kanta. Idan aka danna Ctrl da I a Firefox, taga tana buɗewa da bayanan shafi, kuma a ciki akwai sashen da ke jera hotunan shafin tare da nau'insu da nauyinsu da tsawo da faɗinsu. Iyakarta ke nan, ba ta taɓa Exif. Don haka na shiga rumbun manhajojin ƙari, na kuma tarar da su da yawa, sai dai wadda na fara zaɓa ta nemi izinin ganin bayanaina a dukkan shafukan da zan buɗe. Buƙatar tana da hujja, tunda ba za ta iya karanta hoto ba sai ta isa gare shi a duk inda yake, amma izinin da ya isa ga hoton tsuntsu shi ne kuma ya isa ga shafin banki da akwatin wasiƙu. Na daɗe ina kallon wannan saƙo kafin na fasa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, babu shakka na ba tsohuwar manhajar irin wannan izini shekarun baya ba tare da na karanta ba.

Shawarar da na yanke ita ce in riƙa sauke hoton in duba shi a kan kwamfutar. A Windows, danna dama a kan fayil, a zaɓi Properties sannan Details, ya wadatar ga buƙatar yau da kullum. Masu Mac kuma suna da irin wannan a cikin Preview. Idan ina son komai da komai, sai in koma ga ExifTool, manhajar kyauta da Phil Harvey ya fara fitarwa a 2003, wadda ke karanta har bayanan da kowane kamfanin kyamara ke rubutawa da salon kansa. Mataki ɗaya ne ya ƙaru a kan yadda na saba, kuma na ga ya fi mini kwanciyar hankali. Wannan ya sa na shiga saitin saukewa na kunna zaɓin da ke sa burauza ta tambaye ni inda za ta ajiye kowane fayil, domin kada hotunan mutane su gauraye da nawa.

Da na sauke hoton ruwan nan na buɗe shi, sai na tarar da shi wayam, babu sunan kyamara balle lambobi. Da farko na zargi sabuwar burauzar, alhali ba ta da hannu a ciki. Burauza tana ba ka abin da shafi ya aiko mata ne kawai, kuma shafuka da yawa suna rage girman hoto su sake matse shi, wani lokaci su mayar da shi WebP, tsarin da Google ya fitar a 2010, kafin ya iso gare ka. WebP yana iya ɗaukar Exif, amma a wajen juyawar sau da yawa ana zubar da bayanan domin a rage nauyi. Facebook da Instagram suna cire su daga kwafin da jama'a ke gani, haka ma WhatsApp idan an tura a matsayin hoto, amma idan an tura a matsayin fayil yana isa da komai nasa. Flickr kuwa, shafin da masu ɗaukar hoto ke ɗora hotunansu, yana nuna su a ƙarƙashin hoton muddin mai shi bai ɓoye ba. Saboda haka idan manhaja ta ce ba ta ga komai ba, galibi gaskiya ta faɗa, kuma babu saitin da zai dawo da abin da aka goge tun kafin ya baro shafin.

Gyaran da ya fi cin lokacina shi ne na launi. Allona yana nuna launuka masu faɗi fiye da na sRGB, ma'aunin da HP da Microsoft suka tsara a 1996 wanda intanet ta ginu a kansa, sai na lura wasu hotuna suna fitowa da ja mai ƙarfi, fatar mutum kamar an shafa mata jan-baki. Dalilin shi ne waɗannan hotuna ba su ɗauke da alamar da ke faɗin ma'aunin launinsu, sau da yawa ma an cire ta ne tare da Exif. Na rubuta about:config a wurin adireshi domin in buɗe ɓoyayyun saitunan Firefox, na nemo gfx.color_management.mode, na same shi a kan 2, wato ana daidaita launin hotuna masu alama kaɗai. Na mayar da shi 1, wanda ke sa a daidaita komai a kuma ɗauki marar alama a matsayin sRGB, na rufe burauzar na sake buɗewa, fuskokin suka dawo daidai. Wanda allonsa na yau da kullum ne da wuya ya ga bambanci, kuma ba na ba shi shawarar taɓa wannan wuri.

Duk wannan bincike a kan hotunan wasu ne ya sa na waiwayi nawa. A watan Disamba na 2012, mujallar Vice ta wallafa hoton John McAfee, wanda ya kafa kamfanin manhajar kare kwamfuta mai sunansa, lokacin da 'yan sandan Beliz ke nemansa domin yi masa tambayoyi, kuma bayanan GPS da wayar da aka ɗauki hoton da ita ta rubuta a cikinsa suka nuna yana Guwatamala. Na san labarin tun tuni, amma ban taɓa gwada shi a kaina ba. Na sauke hotuna goma daga cikin waɗanda na ɗora a shafina, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga uku da na ɗauka da waya suna ɗauke da lambobin wuri. Na kwafi na farko na saka a taswira, alamar ta sauka a kan rufin gidan da nake kwana.

A daren na cire ukun. Na goge wurin da umarnin exiftool -gps:all= na bar lambobin kyamara yadda suke, domin wani mai koyo ya amfana kamar yadda na amfana. ExifTool yana ajiye kwafin asali mai ƙarin kalmar _original a ƙarshen sunansa, kuma wannan kwafi yana nan da wurin a cikinsa, don haka na kwashe su zuwa wata ma'ajiya dabam kafin na sake ɗora waɗanda aka tsabtace. Daga nan na sauke su ta sabuwar burauzar na sake dubawa, layin GPS babu komai, sannan na ɗauki wayar na hana kyamararta sanin inda nake.